Wanda zai ce wa na'ura dakata

A shataletalen Dawanau hanya take rabuwa biyu. Ta dama ta nufi Dambatta da Kazaure da Daura har bakin iyakar Nijar, ta hagu kuma ta miƙe Bichi da Tsanyawa ta faɗa ƙasar Katsina. Ta hagun muka bi ranar Asabar da hantsi, cikin wata tsohuwar Golf da aka cusa mu biyu a gaba huɗu a baya, bayan mun sha jira a bayan tireloli masu fitowa daga kasuwar hatsi da buhunan riɗi da zoɓo da wake. Hunturu ya fara sauka, hazo ya dusashe rana.

Yayata ce ta aiko a kira ni. Ɗanta na fari ya gama digiri a ilimin kwamfuta, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ƙauye yana taya mahaifinsa noma yana gyaran waya, har mutanen gari sun laƙaba masa Injiniya. Uban yana so ya shiga aikin ɗamara, kowane iri ne. Ni kuma da yake a birni nake zaune ina 'yan rubuce-rubuce, an ɗauka ba zan rasa wani babba da zan kai shi wurinsa ba.

Baƙo a wannan yanki, abin da zai fara lura da shi shi ne babu daji. Tun daga bayan gari har Bichi gona ce ke bin gona, iyakarsu layin gamba ko lalle ko aguwa, sai ɗan burtalin da aka bar wa dabbobi. An girbe gero da dawa, an tattara kara an jingine, harawar wake da ta gyaɗa kuma an ɗora ta a rassan itatuwa da kan soraye inda awaki ba za su kai ba. Kowace ɗorawa da kuka da gawo da ka gani tsakiyar gona tana da mai ita, kuma ranar rabon gado da ita ake lissafi. Michael Mortimore, Baturen da ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan a Jami'ar Bayero, tun shekarun 1960 ya riƙa bin diddigin wannan karkara da ta kewaye Kano, yadda ake noma gona ɗaya kowace damina ba hutu amma ba ta mutu ba. Sirrin yana cikin takin da jakuna ke kaiwa a mangala, da tumakin da ake turkewa a gida, da yawan hannuwa. Duk inda ka tsaya ka ɗaga murya, wani zai amsa maka daga gidansa.

Ba mu yi nisa ba hira ta koma kan abin da ke damun kowa. A ƙarshen 2025 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga ɓangaren Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, suna kora shanu suna ɗaukar mutane, har sunayen Faruruwa da 'Yan Kamaye suka shiga labaran rediyo. Wani matashi a gefena ya ce shi bai ga abin wahala ba. A sa jirgi maras matuƙi ya riƙa shawagi, a haɗa shi da kwamfutar nan mai ƙirƙirarriyar basira, duk inda ta hango ayarin babura a gama da su. Wani dattijo da ke gaba bai ko waiwayo ba, ya ce, "Yaro, je ka tambayi mutanen Tudun Biri."

Tudun Biri ƙauye ne a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Daren 3 ga Disamba 2023 jama'a na taron Mauludi, jirgin soja maras matuƙi ya sakar musu bam. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, wasu kuma suka ce adadin ya haura haka. Rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa jirginta ne, kuma bayanin da aka bayar shi ne an hango taro da motsi irin na 'yan bindiga. Mutane ne masu kallon allo suka yanke wannan hukunci, ba kwamfuta ba, kuma a nan ne maganar dattijon ta fi nauyi. Na'ura ba ta da idon kanta. Ana koya mata gani ne da dubban hotunan da mutane suka zauna suka yi wa alama, wannan ɓarawo, wannan manomi. Idan masu yin alamar ba su san yadda ake zaman Mauludi a ƙauye ba, na'urar za ta gaji rashin saninsu, ta kuma maimaita shi cikin sauri, ba tare da zuciyarta ta yi ɗar ko sau ɗaya ba.

A Bichi muka sauka. Ɗan garin nan ne, Yusuf Magaji Bichi, ya shugabanci hukumar tsaro ta farin kaya daga 2018 zuwa 2024, shi ya sa samarin yankin ba sa ganin aikin tsaro a matsayin abin da ya fi ƙarfinsu. Injiniya na jirana a tasha da babur ɗinsa.

"Kawu, sannu da hanya. Ya kuka baro mutanen gida?"

"Lafiya lau. Ya mai jiki, kakarka?"

"Da sauƙi. Tun safe take tambayar ko ka iso."

Muka bar kwalta muka shiga turɓaya. Can tsakanin wasu ƙauyuka biyu sai ga ayarin babura ya nufo mu, kowanne da mutum uku, kowa ya naɗe fuska da rawani ko hirami saboda ƙura, wasu riƙe da sanda. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Injiniya ya ratse ya ba su hanya, suka wuce suna ɗaga mana hannu. 'Yan ɗaurin aure ne.

"Kawu, ka ga waɗannan? Da zan ɗauki hotonsu daga sama in ba kwamfuta, babu abin da zai raba su da mutanen daji. Babur iri ɗaya, goyo iri ɗaya, fuska a rufe."

"To kai da me ka gane su?"

Ya nuna min bayansu da haɓa. "Dubi yaran can. Bin su suke da gudu suna ihu. Dubi matan da ke sussuka, ko tashi ba su yi ba. Da waɗancan mutanen ne, da tuni ba ka ga ko kaza a waje."

Na daɗe ina juya wannan magana. Abin da ya bambanta ayarin biki da ayarin ɓarna ba a jikin baburan yake ba, yana wurin mutanen da ke gefen hanya. Injiniyan da ya gina manhajar a wata ƙasa zai sa ta ƙirga babura da bindigogi. Sai wanda ya tashi a nan ne zai ce a koya mata kallon yara.

Shagonsa ɗan ɗaki ne a bakin masallaci, da farantin sola a kan rufi da wayoyi jere a kan katako, kowace da alamar mai ita. Tun Disamba 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, da nufin duk wanda ya kira neman kuɗin fansa a san ko wane ne. Manufa ce mai kyau a takarda. A ƙauye kuwa layin tsohuwa da sunan jikanta aka yi masa rajista, na amarya da sunan mijinta, waya ɗaya tana zaga gida guda daga safe zuwa dare. Masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya sun cika gari, kuma da yawansu ranar haihuwarsu a takarda 1 ga Janairu ce, domin ita mai cike fom ya ga dama ya rubuta. Ga kuma manoman da fartanya ta cinye zanen yatsunsu, na'ura ta yi ta ƙin karɓarsu.

Ya yi dariya ya ce, "Akwai manhajar da ke bin sawun layuka, ta ga wa ke kiran wa, wace waya ke kwana kusa da wace. Kawu, rabin wayoyin garin nan a shagona suke kwana. In ɗaya daga cikinsu ta taɓa kiran wani da ake nema, ni za ta nuna a matsayin uban tafiya."

Dariya ce, amma ba ta kai ciki ba.

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Mijin yayata, wanda tun ina yaro nake ce wa Malam, ya bari sai da muka wanke hannu sannan ya ce, "To ɗan birni, me ka zo mana da shi? Takarda ko lambar waya?"

Na ce ban zo da ko ɗaya ba, amma akwai wani layin aiki da ya dace da yaron nan fiye da tsayuwa a shingen hanya. Hukumomin tsaro a duniya suna sayen na'urorin da ke gane fuska, da masu tace kiran waya, da masu duba hotunan jirage, kuma sun fara gane cewa sayen ba shi ne ƙarshe ba. Dole a sami mutanen da aikinsu shi ne tabbatar da cewa na'urar ba ta zalunci kowa ba. A Fabrairu 2020 ma'aikatar tsaron Amurka ta amince da ƙa'idoji biyar kan wannan fasaha, cikinsu har da cewa a iya bin sawun yadda na'ura ta kai ga hukuncinta, a kuma iya kashe ta idan ta kauce, daga baya ta ware ma'aikatan da wannan ne kaɗai aikinsu. Hukumar sauraren sadarwa ta Birtaniya, GCHQ, ta fitar da nata bayanin a 2021. A Fabrairu 2024 ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta yi shelar ɗaukar ƙwararru 50 a wannan fanni. Ƙasashe sun taru a Hague ta Holan a 2023, sannan a Seoul ta Koriya ta Kudu a 2024, kan yadda soja zai yi amfani da fasahar ba tare da ta kuɓuce masa ba, Tarayyar Afirka ma ta amince da nata tsarin kan ƙirƙirarriyar basira a Yulin 2024.

Ban ɓoye masa ɗaya gefen ba. Irin wannan kujera tana tashi tana faɗuwa da siyasa. Umarnin da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Oktoba 2023 kan sa ido a kan fasahar, Shugaba Trump ya soke shi a Janairu 2025 ranar da ya dawo mulki. Dokar Tarayyar Turai da ake ta yabo, wadda ta fara aiki a Agusta 2024, ta cire harkar soja da tsaron ƙasa daga huruminta. Ko'ina ka je, masu ɗamara ba sa son a leƙa musu aljihu.

Malam ya ce, "Duk na ji. Amma shi me zai riƙa yi in ya je ofis da safe?"

A nan Injiniya ya karɓe bayanin, domin ya fi ni sanin cikinsa. Ya ce akwai masu tattara hotuna da muryoyin da za a koyar da na'ura da su, su tabbatar an sa na kowane irin mutum, an kuma yi musu alama daidai. Akwai masu gwaji, kuma shi nan ransa ya fi kwantawa. Mai gwaji aikinsa neman inda na'ura za ta faɗi tun kafin a kai ta fagen fama. Zai ba ta hoton masu jana'iza, da na 'yan gayya sun saɓa galma, da na mafarauta da karnukansu, da na almajirai kewaye da wutar karatu da dare, ya rubuta sau nawa ta kira su 'yan ta'adda. Idan kuskuren ya yi yawa ya rubuta cewa ba ta isa a yi aiki da ita ba, ya sa hannu. Akwai masu ajiye tarihin kowane hukunci, wa ya tambayi na'ura, me ta ce, wa ya amince, da ƙarfe nawa, domin ranar da aka yi ɓarna kada kowa ya ce kwamfuta ce. Sannan akwai lauyoyi da jami'an kare bayanai, masu duba ko doka ta ba da izinin tattara abin da ake tattarawa.

Wannan na ƙarshen yana da gindi a dokar Najeriya. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin gida da wasiƙa da zancen waya. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2023 ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura kaɗai ba tare da ɗan'adam ya duba ba. Ta sassauta wa hukumomin tsaro da na binciken laifi sharuɗɗa da dama, har da na auna illar tsari kafin a fara shi, kuma a ganina nan ne aka bar babbar kafa. Amma ba ta ɗauke musu wajibcin bin ƙa'idojin tattara bayani ba, ko na naɗa jami'in kare bayanai, ko na kai rahoto idan bayanan suka zube. Wato kujerar tana nan a doka, ko da ba a cika jin ta a tallan ɗaukar aiki ba.

Na'urorin ma sun riga sun iso. Hukumar shige da fice ta kafa ƙofofin da ke karanta fasfo da fuska a manyan filayen jirgin sama, a Disamba 2024 kuma aka buɗe mata cibiyar sa ido ta fasaha a hedikwatarta da ke Abuja. 'Yan sanda suna da cibiyar yaƙi da laifukan intanet, sojan ƙasa yana da rundunar yaƙin intanet, ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro yana da tasa cibiyar. Hukumar NITDA ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja a 2020, ma'aikatar sadarwa ta fitar da daftarin tsarin ƙasa a Agusta 2024. Ƙofofin shiga kuwa tsofaffin ne. Mai digiri yana iya neman gajeren kwas na hafsoshi a sojan ƙasa ko na sama ko na ruwa, ko ya bi hukumar da ke ɗaukar ma'aikatan shige da fice da sibil difens da gidan gyaran hali da kashe gobara. Ƙannensa da ba su wuce shekaru ba suna da makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna da ta 'yan sanda ta Wudil, dukansu ana karanta kwamfuta. Na ja kunnensa kan masu sayar da gurbi a WhatsApp, hukumar farin kaya kanta ta sha fitowa tana cewa ba ta ɗaukar aiki ta wannan hanya.

Malam ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, "Bari in tambaye ka. Yaron nan ya shiga, yana da tauraro ɗaya a kafaɗa. Oga mai taurari ya kashe kuɗin gwamnati ya sayo abin nan daga waje, an yi biki an yanke ƙyalle. Sai shi ya rubuta cewa ba ta aiki? A gidan soja? Kai ka taɓa ganin inda ƙaramin ma'aikaci ya ce wa babba a'a ya kwana lafiya?"

Manomi ne da bai taɓa riƙe kwamfuta ba, amma tambayarsa ita ce gaba ɗayan maganar. Takardar mai gwaji ba ta da amfani idan ba ta iya tsayar da komai. Abin da ke sa wannan aiki ya zama na gaske shi ne a rubuta a doka cewa ba a fara amfani da na'ura sai da sa hannun ofishin gwaji, kuma ofishin ba a ƙarƙashin wanda ya sayo ta yake ba, rahotonsa kuma yana isa ga kwamitin majalisa ko alƙali. In babu wannan, an ɗauki yaro ne don a ce akwai shi. Mu kuma muna da tarihin sayen ƙarfe mu manta da mutum. Kwangilar kyamarorin tsaro ta dala miliyan 470 da aka bai wa kamfanin ZTE na Sin a 2010, galibinta da bashi, ta bar sanduna a titunan Abuja da mazauna birnin suka daɗe suna tambayar amfaninsu. Duk da haka na ce wa Malam gara a sami ɗan ƙauye a ɗakin da ake kallon allon nan, ko da muryarsa ƙarama ce, da a ce babu ko ɗaya. Ya ce, "Allah ya sa," irin wadda ba ta nuna an gamsu.

Da asuba yayata ta kira ni madafa tana dama koko. Damuwarta daban ce. "Kai ƙanena, in aka ji yana aikin sauraren wayar mutane, wa zai ƙara ba shi waya caji? Wa zai ba shi 'ya? Kuma ka san mutanen dajin nan, duk wanda suka ji an ce yana kai rahoto, gidansu suke fara zuwa." Ba ni da abin da zan ƙaryata a ciki. Na dai ce mata aikin da muke magana a kai shi ne na hana a saurari wanda bai kamata a saurara ba, kuma ƙa'idar hukumar sadarwa ta 2019 ta ce a bisa al'ada sai da izinin alƙali ake kutsa wa kiran mutum. Ta ce, "Wannan kai ka sani. Su mutanen gari ba za su tsaya rarrabewa ba."

Maganar saurare ta ja mu ga harshe, ni da Injiniya, muna jiran motar Dambatta. Akwai 'yan arewa da suka yi nisa a koya wa kwamfuta Hausa. Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun fitar da NaijaSenti a 2022, tarin dubban saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, da aka bi ɗaya bayan ɗaya aka nuna na yabo da na suka. A Satumba 2025 gwamnati ta ƙaddamar da manhajar N-ATLaS mai jin manyan harsunan ƙasar nan. Aiki ne na a yaba. Sai dai Hausar Twitter ta samarin birni ce. Ba ita tsohuwa ke yi da jikanta ba, ba ita Bazamfare ke yi ba, ba ita makiyayi ke gaurayawa da Fulatanci ba. Taubasai biyu za su iya shafe kira guda suna yi wa juna barazanar da in aka rubuta ta a takarda za ta kai mutum kotu, Bafulatani da Babarbare haka, Bakano da Bazazzagi haka. Duk wanda zai gwada na'urar saurare a ƙasar Hausa, sai ya san wa ke wasa da wa.

Motar kasuwa ce muka samu, ta bi ta hanyoyin ƙauye, awaki a but mutane a kan juna. A wani shinge wasu jami'ai suka tsayar da mu. Ba su tambayi kowa komai ba sai wani saurayi Bafulatani mai kitso, suka sauke shi, suka karɓi wayarsa suna ta dubawa, sannan suka rubuta sunansa a wani littafi suka sake shi. Ya dawo ya zauna bai ce uffan ba. Injiniya ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kawu, littafin can shi ne abin tsoro. Ranar da aka kwashe irinsa aka ba kwamfuta ta koyi su waye abin zargi, za ta ga duk sunayen iri ɗaya ne. Ba za ta san cewa su kaɗai ake saukewa ba."

An taɓa yin haka a wani wuri. 'Yan sandan Shikago a Amurka sun yi shekaru suna aiki da jerin sunayen da kwamfuta ta ce su ne suka fi kusa da yin harbi ko a harbe su. Binciken cibiyar RAND na 2016 ya gano jerin bai rage kisa a birnin ba, illa dai waɗanda ke cikinsa sun fi saurin shiga hannu. A ƙarshen 2019 aka jingine shi.

Kasuwar Dambatta ranar Lahadi ba masaka tsinke. Kara ta cika da shanu da raƙuma da tumaki, dillalai na riƙe hannun masu saye a ƙarƙashin riga, motocin kudu na lodi. A bayan gari ana aikin layin dogon da zai tashi daga Kano ya bi ta nan da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya har Maraɗi. Dambatta garin Farfesa Umar Garba Dambatta ne, wanda ya riƙe hukumar sadarwa ta ƙasa daga 2015 zuwa 2023, a zamanin da aka yi haɗa layi da NIN, da kuma rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna a 2021. Wani dillali da muka sha fura a rumfa ɗaya ya ce bai manta wannan lokaci ba, abokan cinikinsa na can sai sun yi tafiya mai nisa kafin su kira shi su ji farashi.

Na tsaya ina kallon fuskoki. Rawani ya rufe haɓa, malafa ta rufe goshi, ga tsage iri-iri, ga ƙura ta yi wa kowa hoda, ga mata cikin hijabi da niƙabi. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin wasu manyan kamfanoni masu bambance mace da namiji daga hoto, suka samu kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba a kan fararen maza, amma ya kai kusan kashi 35 a kan mata masu duhun fata. A 2019 hukumar ma'auni ta Amurka ta gwada manhajojin gane fuska kusan 200, ta samu da yawansu sun fi rikita fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas, wani lokaci ninki goma har zuwa ɗari. A Janairu 2020 'yan sandan Ditroit suka kama Robert Williams a ƙofar gidansa gaban 'ya'yansa, ya yi kusan awa 30 a tsare, saboda manhaja ta ce shi ne a hoton wani ɓarawon agogo, alhali ba shi ba ne. Manhajojin sun inganta tun daga lokacin, amma da hotunan fasfo masu haske aka fi auna su. Wanda ya ce tasa tana aiki, a kawo ta karar Dambatta da azahar a gwada.

A tasha Injiniya ya riƙe min jaka har na sami kujera. Na tambaye shi me ya yanke. Ya ce in an buɗe gajeren kwas na sojan sama zai cika, tunda su ne masu jirage, amma kafin nan yana so ya yi kwas ɗin jami'in kare bayanai ya riƙe takardar a hannu, ko da aikin ɗamarar bai samu ba banki ko asibiti za su nema. Mahaifiyarsa ba ta amince ba tukuna, Malam kuma ya ce a bari a ga bayan sallah.

"Kuɗin kwas ɗin fa?" na tambaya.

"Na kama fili a fadamar Watari, Kawu. Jibi zan fara dashen tumatir."